Makullin Oga Yana Wurin Baba

Mu a Haɗejiya ba ma jiran kalanda ta faɗa mana watan Disamba ya kama. Leɓe ne yake fara tsagewa, dunduniya ta biyo baya da faso, sai ka ga kowace uwa tana bin yaro da kwalbar basilin a tsakar gida. Ka fito sallar asuba ka tarar hazo ya lulluɓe gari, fitilar masallaci ta koma kamar aci-balbal, ruwan buta kuwa sai mutum ya daure kafin ya zuba shi a hannu. In an sallame, duk mai ɗan canji a aljihu ba ya komawa ɗaki, teburin mai shayi yake nufa. Nan ne gidan rediyon unguwarmu. Kafin mai shayi ya gama sheƙa kofin farko an karanta kanun labarai: wane ya kai kaya Anaca ya dawo lafiya, 'yar gidan wane an sa ranarta, injin ban-ruwan wane ya buga jiya da yamma, kuɗin mota zuwa Kano ya sake ɗagawa.

A makon nan dai tambaya ɗaya ce ta yi ta zagaya teburin, kuma kowa ya zo sai ya yi ta kamar shi ya fara: "Wai yaushe Oga zai rufe ne?"

Oga maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Mutumin jihar Anambra ne, yana sayar da kayan gyaran injin ban-ruwa da na janareta, kuma ya daɗe a garin nan har yaran da aka haifa bayan zuwansa sun yi aure sun haihu. Hausarsa ta nan ce, in ka ji muryarsa ta bayan katanga sai ka rantse ɗan Majema ne ko ɗan Yankoli. Duk shekara, kwana huɗu ko biyar kafin Kirsimeti, yakan ja ƙofar shago ya kwashi iyali su tafi gida, ba a sake ganinsa sai Janairu ya yi mako guda ko fiye. To ga inda gizo yake saƙar: lokacin tafiyarsa shi ne daidai lokacin da fadama ta fi buƙatarsa. Ruwa ya janye, an gama girbin shinkafar damina, kowa ya koma noman rani. Mai alkama yana sauri ya gama shuka kafin tsakiyar wata ya wuce, don alkama sanyi take so, in ta makara zafin Maris ya riske ta kafin ta cika ido. Mai albasa da mai tattasai suna dashe. Duk waɗannan a wuyan inji suke rataye, inji kuwa ba ya shawara da kowa in zai tsaya, balle yanzu da tun janye tallafin mai a Mayun 2023 kowa yake lallaɓa tsohon injinsa, wani ya mayar da shi mai amfani da gas, mai hali ya koma sola. Shi ya sa a kwanakin nan za ka ga layin babura a ƙofar Oga tun da hantsi, mutanen Auyo da na Kiri Kasamma da na Guri, kowa yana sayen fulogi da fistin da tiyo. Wani ma injinsa lafiya lau, ajiya yake yi don gudun ɓacin rana.

Shi ma Oga nasa zagayen yake yi, da littafin bashi a hammata. Ba ya ɗaga murya. Zai yi sallama, ya gaida mai gida, ya tambayi iyali da sanyi, sannan ya ce, "Alhaji, ka san tafiya ta matso." Shi ke nan, Alhaji ya gane karatun. Mai kuɗi ya ƙirga ya bayar, wanda bai sayar da amfani ba tukuna ya ce a turo yaro da baro ya ɗauki buhun shinkafa. Oga ba ya ƙi, domin ko kuɗin aka ba shi shinkafar zai saya. Na taɓa ganin bashin kafireto an biya shi da kwalin busasshen kifi da zabi biyu, kowa kuma ya tashi yana ganin shi ya ci riba.

Wani baƙo daga Kano ya taɓa tambayata a wannan teburin, wai me ya haɗa Haɗejiya da Kirsimeti, garin da kowane lungu ka shiga sai ka ci karo da masallaci ko makarantar allo. Kafin in buɗe baki mai shayi ya riga ni: "Malam, shanye ka leƙa kasuwar kifi." Gaskiyarsa kuwa. Sallolinmu biyu ne, mun san su, mun san watanninsu. Amma abin da yake shiga aljihun gidaje da yawa a garin nan daga ƙarshen Nuwamba zuwa sabuwar shekara, bikin mutanen da akasarinsu ba mu taɓa gani ba ne yake kawo shi.

Kasuwar kifin Haɗejiya ko a watan da babu komai ba ta rabo da jama'a, balle yanzu. Tun daga nesa hanci yake sanar da kai ka iso. Ga tarwaɗa a naɗe, an soke jela a baki, ta sha banda har ta yi baƙi tana sheƙi, ga karfasa, ga ragon ruwa, ga kurungu, ga ƙananan da ake aunawa da kwano. Ba duka kogin nan ya haifa ba. Wani daga Nguru da Gashuwa yake, wani daga can tafkin Cadi, kuma tun da rikicin Boko Haram ya dagula harkar Baga fatake da yawa suka karkato nan. Amma da zarar ya shiga kwali, an ɗaure da igiya, an rubuta sunan mai shi da garin da za shi, to sunansa kifin Haɗejiya, haka za a kira shi a Anaca da Aba da Inugu da Legas. A Disamba matan kudu da kansu suke zuwa, da jaka ɗaure a ƙugu, su zauna kan benci suna ɗaga kifi ɗaya-ɗaya, su shinshina, su ƙwanƙwasa, su karya guda su duba ciki. Ba a yi musu wayo. Wadda ta shekara goma tana zuwa ta san bandar da aka yi cikin natsuwa, ta san wadda aka yi gaggawa aka sauke da sauran danshi, irin wadda kafin mota ta kai Lakwaja ta fara tsutsa. In dillali ya fara zuba mata daɗin baki sai ta dube shi ta ce, "Oga, kifi na ganinka mai jar koma," da Hausarta mai gishirin kudu, rumfa ta ɗauka da dariya, sannan a zauna ciniki na gaskiya. Wasu kuma yanzu ba sa wahalar zuwa. Dillali ya ɗauki hoton kaya ya tura ta WhatsApp, a daidaita a waya, kuɗi ya shigo, a yi lodi. Ƙanena dillali ne a can, kuma a watan nan matarsa sai dai ta rufe masa tuwo a kwano, don kafin ya shigo yara sun yi barci, kafin su tashi ya fita. Ranar nan ƙaramarsu take tambaya ko Abba ya yi tafiya ne.

In ka tsaya ka ƙirga bakin da kwali ɗaya yake ciyarwa sai ka yi mamaki. Masunci ya ci, mai banda ta ci, mai itace ya ci, yaron da yake tattara kwalaye a shaguna ya ci, mai igiya da ɗan dako da ɗan kamasho da direba da yaron mota duk sun ci, har da mai ƙosan da ta kafa kasko a bakin tasha tun asuba.

Wanda nake tausayi a wannan layin shi ne na farkonsa. Masunci yana shiga ruwa tsulum a sanyin da mu muke jin nauyin alwala. Yanzu ne lokacinsa, ruwa ya ja baya kifi ya taru a gulabe da tafkuna, ga baƙin tsuntsayen nan da suke tasowa daga Turai duk hunturu sun cika Baturiya suna taya shi farauta. Sai dai kogin da ubansa ya sani ba shi ne wannan ba. Ka zauna da dattawan masunta ka ji. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974, daga baya ta Chalawa a 1992, ambaliya takan zo a lokacinta, ta malale fadama, ta janye ta bar kifi a kowane kududdufi da laka mai albarka a kowace gona. Yanzu ruwa yana tsiyaya a hanyoyinsa rani da damina, ciyawar kacala ta samu gindin zama ta toshe su. Kwalekwale ba ya ratsa ta, koma ba ta shiga, tsuntsayen jan-baki kuma sun mayar da ita ɗakin kwana, daga nan suke tashi su faɗa wa shinkafa. Shekarar da ruwa ya zo da yawa kuwa, ya rasa hanya, sai ya nufo mu. Wa zai manta da 2020? Wa zai manta da 2022, da matasan garin nan suka kwana suka wuni a kan jinga suna cika buhuna da ƙasa? A daren da abin ya fi tsanani, janaretan Oga ne ya haska wa samarin unguwarmu, shi da kansa ya turo shi a baro, ya zuba mai, ya naɗe wando ya kama shebur. Har yau in ana hirar ambaliyar a majalisa sai wani ya tuna da wannan.

Akwai kuma sana'ar da wasunmu ba sa son a ambata a gaban baƙi, ni kuwa ban ga abin ɓoyo ba: kwaɗi. A fadama ake kama su, a busar, a cika buhuna a yi kudu da su, can ana miya da su ana santi. Mu ba ma ci, amma na san gidan da kuɗin kwaɗo ya yi wa rufin kwano ya sa yara biyu a makaranta.

Cikin gida kuwa mulkin mata ne a watan nan. Uwargidana tana cikin masu turara shinkafa. A sayo shanshera, a jiƙa, a ɗora ganga a kan murhu, a sauke a baza a rana, iskar hunturu ta busar da ita kafin la'asar, sai injin casa. Tsakar gidanmu yanzu ba wurin taka ƙafa, yara an mayar da su 'yan korar kaji da awaki. Tun da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, mutanen kudu suka saba da 'yar gida, kuma wanda ya ɗanɗani sabuwar shinkafar fadama ya san ƙamshinta daban ne. Da can ƙorafinsu tsakuwa, yanzu injunan da suke tsince ta sun yawaita. Su kuwa a wurinsu Kirsimeti ba shinkafa kamar Babbar Sallah ce ba suya. Don haka duk buhun da matan unguwar nan suka gyara, kafin ya huce an yi masa miji.

Gwaggo ita nata lissafin na zakaru ne, kuma ban taɓa ganin ya kuskure ba. Tun damina take ware 'yan tsakin da za su kai Disamba, ta yi ta ba su dusa da tsaki, ba ta yarda a yanka ko ɗaya wa baƙo. 'Yan kaji sun san gidan. Tun farkon wata suke fara sallama da keji ɗaure a bayan babur.

"Gwaggo, a sallama mana hakanan, kasuwa ba tabbas."

"Ɗan nan, jeka ka dawo. Zakarana bai gama cin dawarsa ba."

Sai wata ya raba tsakiya, ta ji labari daga jikokinta cewa motocin kaji da zabi sun fara tashi kullum, sannan ta sa a kamo su. Haka masu awaki da shanu suke yi a babban mataki. Je ka Maigatari ranar Alhamis a irin wannan lokaci ka ga tireloli a jere, ana loda shanun da wasunsu daga Nijar suka tsallako, duk kudu suka nufa.

To ina kuɗin yake zuwa? Biki. Disamba watan aure ne a wurinmu, don amfani ya shigo gida, makarantu sun yi hutu, ma'aikatan Dutse da Kano da Abuja suna samun sararin leƙo gida, ga hutun 25 da 26 ga wata da na 1 ga Janairu da gwamnati take bayarwa ba ta tambayi addinin kowa ba. A layinmu kaɗai ɗaurin aure uku ne kafin shekara ta fita. Rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, shi ya sa maƙwabciyarmu ta nemi a ba ta kwasar adashen wannan wata, ta haɗa da ribar shinkafa, jiya aka shigo da gado da katifa a a-kori-kura yara suna bin ta da ihu. Kuɗin da wata mata ta cire a Aba don ta yi wa iyalinta miyar kifi ranar biki, shi ne ya bi hanya ya zama kwanukan jere a ɗakin amarya a Haɗejiya. Ita ba ta sani ba, amaryar ma ba ta sani ba.

Tela ne abin tausayi. Ankon biki uku, ga kayan Kirsimetin yaran maƙwabciyarmu Sista, ga ɗinkin 'yan makarantar kwana da suka dawo wando ya ɗage musu. Ya daina cewa gobe, yanzu "in Allah ya yarda" kawai yake cewa, kansa a sunkuye. Gidaje kuma sun cika. 'Yan jami'ar Kafin Hausa da na Dutse sun dawo, tukunyar da take isar mutum takwas yanzu sha biyu take ciyarwa, cajar waya ɗaya mutum biyar suna rigima a kanta. Uwargida tana mita, amma na lura tun da babban ɗanmu ya dawo ba a rasa man shanu a miya.

Waɗanda ba sa dawowa su ne 'yan ci-ranin kudu. Ɗan yayana yana gadi a Legas, ya bugo waya ya ce kada a sa ransa sai bayan sabuwar shekara. Mai gidansa zai tafi ƙauyensu da iyali, ya bar masa gida da motoci da makullai, ya ƙara masa wani abu a kan albashi. Abokansa masu facin takalmi da masu tura baro da masu sayar da albasa da tattasai su ma yanzu kasuwarsu take ci. Da na faɗa wa Baba sai ya yi murmushi ya ce, "Ka ce masa ya riƙe amana. Mu ma nan ta wani muke shirin karɓa."

Sista ita ba ta zuwa ko'ina bana. Ma'aikaciyar jinya ce, mutuniyar kudancin Kaduna, tana haya a gidan da yake kallon namu. Su a wurin aiki tsarinsu daɗaɗɗe ne, kuma ba a takarda yake ba: ranar Kirsimeti abokan aikinta Musulmi su riƙe mata aiki ta je coci ta yi girki, ranar Sallah ita ta kwana a asibiti su je idi. Haka 'yan sanda suke yi, haka ma'aikatan lantarki. Cocinsu da Hausa ake wa'azi da waƙa, kuma tun farkon wata in iska ta kaɗo da daddare mukan jiyo matasansu suna gwaji. Yaranta da namu tare suke wasan ƙwallo a layi, tare suke shan faɗa in sun fasa wa wani tukunya. Duk macen da naƙuda ta kama da tsakar dare a layin nan, ƙofar Sista ake fara bugawa kafin a nemo mota.

Ana jibi biki takan aiko a kira mata mahaucin unguwa ya yanka akuya da kaji, don kada maƙwabci ya yi ɗar-ɗar da abin da za a kawo masa. Ranar 25 da hantsi sai kwanuka su fara ƙetare layi, shinkafa da miya da nama, da cincin a leda na yara. Akwai gidajen da ba sa karɓa, malaminsu ya ce musu a'a, kuma Sista ta san su, ba ta aikawa balle a ji kunya, gaisuwarsu kuma ba ta ragu ba. Mu gidanmu muna karɓa. Baba ya ce haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya a kan wanda kuke sahu ɗaya da shi ba, kuma wadda kake aika wa cinyar ragon layya duk shekara tana karɓa da hannu biyu, da wane ido za ka mayar mata da kwanonta? Ni ma a nan na tsaya. Ba a mayar da kwanon haka nan kuma, uwargida takan zuba gyaɗa ko dubulan a ciki.

Tsofaffin majalisa suna son tuna shekarun da bukukuwan suka haɗu. A 2000 Ƙaramar Sallah ta zo kwana biyu bayan Kirsimeti, teloli suka kusa gudu daga gari. A 2007 Babbar Sallah ta riga shi da ƙasa da mako guda, rago da akuya suka yi tsadar da har yau ake ba da labari. A 2015 kuwa hutun Mauludi ya faɗo ranar 24 ga Disamba, washegari Kirsimeti, kwanuka suka yi ta karo da juna a hanya, masu fita daga gidanmu da masu shigowa.

Ba kowace Disamba ce mai daɗi ba. Ta 2022 ta zo mana a kan gajiyar ambaliya, sannan ranar 15 ga wata aka fito da sabbin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ƙarshen Janairu. Kafin a ankara tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Masuncin da ya taso daga ƙauyen da ba banki ba sabis, ka ce masa za ka yi masa tiransifa, ina zai gan ta? Ƙanena ya sha tsayawa tsakanin mai kifi da mai saye, kuɗi yana cikin waya, kifi yana ƙasa, kowa yana kallon kowa. Tun daga lokacin masu POS suka cika kasuwa, amma har yau in Disamba ta doso sai ka ji ana tambayar juna ko akwai tsaba a gari.

Sai hanya. Wannan ita ce take hana mu barci, mu da masu tafiya. Duk motar da ta tashi daga nan ta bi ta Gujungu za ta Kano sai ta ratsa Majiya, inda tankar mai ta kama da wuta a daren 15 ga Oktoban 2024, mutum fiye da 150 suka rasu. Har yanzu in mota ta iso wurin hira takan tsaya, kowa ya yi addu'a da harshen da ya iya. Daga Kano kuma tafiyar Oga ba ta ma fara ba. Sai ya kai Sabon Gari ya samu babbar bas, kuɗinta ya ninka saboda lokaci, a bi ta Kaduna da Abuja da Lakwaja, kwana a zaune da yara a cinya da buhu a ƙarƙashin ƙafa. Yakan ba mu labarin shekarun da suke wuni cur a Asaba suna hango Anaca, gada ɗaya tal motocin duniya suna jiran hawa. Da aka buɗe gada ta biyu a kan Neja a Disamban 2022, ya dawo yana ba da labarinta a teburin shayi har mako biyu, kamar shi ya gina ta. Na taɓa ce masa, "Oga, wannan wahala haka, ka huta shekara ɗaya mana." Ya ce da ni, "Malam, tsohuwata tana ƙirga kwanaki. Kuma a watan nan ake taron dangi, a raba gardamar fili, a ga yaran da aka haifa, a yi maganar aure. Wanda bai je ba an yi babu shi." Na yi shiru, don na san abin da nake ji in Sallah ta same ni a wani gari. Zumunta a ƙafa take, a wurinsu ma haka ne.

Maganar makulli kuwa tana da asali. Shekarun baya, Oga yana can gida, gobarar hunturu ta tashi cikin dare a shagon da yake jikin nasa. Ga jama'a sun fito da bokitai, ga kaya a ciki ana hango hayaƙi yana shiga, ga ƙofar ƙarfe da kwaɗo uku. Da kyar aka ɓalle ta da gatari aka kwashe kayan zuwa zauren Baba. Baba ya sa aka kirawo mai unguwa, aka ƙirga komai a gaban shaidu, aka rubuta a takarda, ya kulle zauren ya koma shiga gida ta ƙofar baya har mako uku. Da Oga ya dawo ya duba takarda ya duba kaya, ko abu ɗaya bai ɓata ba. Ya zauna a kan tabarmar Baba ya kasa magana. Tun daga shekarar, daren da zai tafi, bayan sallar isha'i, yakan yi sallama a zaure, ya cire takalmi, ya durƙusa ya ajiye makullin shago da na gida a gaban Baba.

Bana ma haka aka yi, shekaranjiya. Ya zo da ƙaramin ɗansa yana riƙe da ledar sukari da ganyen shayi.

"Baba, za mu leƙa gida."

"Madalla. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Ka gaida tsohuwa, ka ce ina yi mata sannu da ƙafa. An sa mata kifin?"

"An sa, Baba. Kwali guda nata ne ita kaɗai."

"To kada ka manta da manjan Gwaggo, ka san ba za ta bar ni in huta ba."

Baba ya ɗauki makullan ya zura su a igiyar da yake rataye nasa, ya mayar cikin aljihun 'yar-shara. Da asuba muna fitowa masallaci motarsu tana tashi, buhun shinkafa biyu a sama, kwalaye a but, zabi suna leƙe ta cikin kwando, yara suna ɗaga wa abokansu hannu ta taga cikin hazo.

Yau da hantsi sai ga wani bawan Allah daga wajen Auyo, inji ɗaure a bayan babur, ƙura har gira. Ya ga shago a rufe ya dafe kai. Alkamarsa kwana goma da shuka, ruwa na biyu take jira, inji ya ƙi tashi. Mai shayi ya nuna masa zaurenmu. Baba ya saurare shi, ya ce in kira masa Oga. Wayar ta shiga da kyar, ana jin ƙugin mota da kukan yaro, ya ce sun wuce Lakwaja.

"Baba, buɗe masa. Kanta ta biyu hannun dama, jan kwali. Ya gwada a nan ƙofar shago kafin ya tafi. In ba shi da kuɗi a rubuta, littafin yana cikin durowa."

Baba ya laluba aljihu ya miƙo mini igiyar makullai, ya ce in tafi da biro.